Tubali bisa tubali: yadda ake ɗora labarin Damagaram a sabon editan WordPress

Ranar 6 ga Disamba 2018 aka saki WordPress 5.0. Duk wanda ya sabunta manhajarsa a makon nan, da ya je rubuta labari sai ya tarar akwatin da ya saba zuba rubutu a ciki ba ya nan. Tsohon fasalin fili ɗaya ne, da jerin maɓallai a samansa irin na Word: a rubuta, a kaurara wata kalma, a cusa hoto a tsakiya, a wallafa. Sabon, wanda aka laƙaba wa sunan Gutenberg, Bajamushen birnin Mainz da ya kawo injin ɗab'i a Turai wajajen 1450, ya yanka shafin gunduwa-gunduwa. Kowane sakin layi yana zaman kansa, kowane hoto haka, kowane kan magana haka. Allon Faransanci yana kiran kowace gunduwa bloc. A nan za a ce mata tubali, domin aikin ya yi kama da na maginan unguwar Birni ta Zinder: ana jerawa ɗaya bisa ɗaya, wanda ya karkace a ciro shi kaɗai, ba sai an rushe katanga ba.

Jama'a ba su karɓi sauyin da daɗin rai ba. Miliyoyin dandali sun sa wata ƴar manhaja mai suna Classic Editor don a maido musu da tsohon akwatinsu. Wasu masu shirya manhaja sun ɓalle sun kafa ClassicPress. Tun a watan Oktoba na 2018, shugabar rukunin da ke kula da bukatun makafi da sauran masu naƙasa a aikin ta ajiye muƙaminta, kuma yadda aka tafiyar da sabon editan na cikin dalilanta. Ƙorafin yana da tushe: editan na farko yana da nauyi, maɓallansa suna ɓuya sai an kai hannu wurin. Amma an yi ta gyara shi fitarwa bayan fitarwa, kuma yau shi ne abin da sabon mai dandali zai tarar.

Me ya haɗa wannan da Zinder? WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, ita ce ke ƙarƙashin fiye da kashi 40 cikin 100 na dandalolin intanet na duniya. Gidan rediyo, ko ƙungiyar matasan unguwa, ko wani sashe na Jami'ar André Salifou, in suka sa ma'aikacin kwamfuta ya gina musu dandali, akwai kyakkyawan zaton ita zai ɗora musu. Ga kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Rubutun Hausa da za a riƙa ɗorawa daga Damagaram ƙaruwa zai yi, kuma akasarin masu karanta shi a wayar salula za su karanta, wani a Kasuwar Dole, wani a Tanut ko Magarya inda rezo ke zuwa yana tafiya. Wannan mai karatun shi ya kamata mai gyara ya sa a gaba tun daga maɓallin farko.

A ɗauka ana son shirya shafi a kan unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram.

Fuskar editan da tubalin farko

Fuskar ta kasu uku. A tsakiya akwai farin fili, da gurbin take a samansa. A can sama hagu akwai alamar + wadda ke buɗe jerin tubalan da ake da su, da kibiyoyin komawa baya da gaba. A dama akwai shafi mai fuska biyu: ɗaya ta labarin gaba ɗayansa, ɗaya ta tubalin da aka taɓa. Yawancin ruɗewar sabon shiga daga nan take fitowa. Yana neman inda zai sa rukunin labari, alhali fuskar tubali ce a buɗe, sai ya ɗauka abin ya ɓace. Kafin a nemi kowane saiti, a duba wace fuska ce a gaba.

Bayan an rubuta take, a danna Enter a ci gaba da rubutu kawai. Kowane Enter sabon tubalin sakin layi ne. In ana son sauka layi ba tare da buɗe sabon tubali ba, kamar a adireshi, Shift da Enter ake dannawa tare.

Hanya mafi sauri ta kiran tubali ita ce alamar / a farkon layin da babu komai. Ana rubuta ta, sai sunan abin da ake so a harshen da allon yake: /image, /titre, /tableau. A allon rubutu na Faransanci, wanda shi ya fi yawa a ofisoshin Nijar, / tana kan maɓallin digo biyu, sai an haɗa da Shift. Alamar # kuwa tana kan lamba 3, da AltGr ake fito da ita. Amfaninta: ## da tazara ɗaya a farkon layi suna mai da layin kan magana nan take. Haka > da tazara ke buɗe tubalin ɗauko magana, karan - da tazara ke buɗe jeri. Wanda hannunsa ya saba da waɗannan huɗun ba ya cika ɗaga shi daga allon rubutu ba.

Kowane abu da tubalinsa

Nan ne zuciyar aikin. A tsohon edita mutane sun saba yin kan magana ta hanyar kaurara layi da ƙara masa girma. Ido yana ganin kan magana, amma manhaja sakin layi kawai take gani. Injin bincike ba ya gane inda sashe ya fara. Makaho mai sauraron shafi ta manhajar karantawa ba ya iya tsallakawa daga sashe zuwa sashe. Ranar da aka sauya wa dandalin riga, wato fasalin launi da haruffan da ke lulluɓe shi, duk ƙawar da aka yi da hannu sai ta watse.

Don haka shafin Birni zai sami tubalin kan magana na gaske a kowane sashe: ganuwa da ƙofofinta, fada, gidajen da aka yi wa zane a fuska, zuwan Turawa. Taken labarin shi ne mataki na ɗaya, saboda haka sassan da H2 suke farawa, abin da ke ƙarƙashinsu H3. Ba a zaɓen H4 don kawai ƙanƙantarsa ta yi wa mutum kyau.

Shekarun tarihi tebur suke so. Kafuwar sarautar a yankin Mirya a 1731. Mulkin Sarki Tanimun daga 1851 zuwa 1884, wanda a zamaninsa aka ƙarfafa ganuwa aka ƙera igwa a garin. Kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898. Yaƙin Tirmini ranar 30 ga Yuli 1899, wanda bayansa Faransawa suka shiga garin a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Zaman Zinder hedikwatar mulkin mallaka daga 1911 har aka mai da ita Yamai a 1926. Shigar Birni da fada jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006. In aka jera waɗannan da tazarar hannu, shekara a hagu bayani a dama, a kwamfuta za su yi kyau, a waya kuwa layukan za su karye su cakuɗe. Tubalin tebur mai ginshiƙi biyu yana riƙe su. A kunna layin kai a saitinsa, a rubuta “Shekara” da “Abin da ya faru”. Ginshiƙi biyu ko uku sun isa. Mai shida ba ya shiga fuskar waya.

Labarin tarihi kuma yana bukatar a san inda aka samo shi. Tun fitarwa ta 6.3, a watan Agusta 2023, editan yana da bayanin ƙasan shafi nasa na kansa. A tsai da alamar rubutu a ƙarshen jimlar, a buɗe ƴar kibiyar da ke kan maɓallan tubalin, a zaɓi bayanin ƙasa. Lamba za ta fito a jikin jimlar, gurbi ya buɗe a gindin shafi. Nan za a rubuta, misali, littafin André Salifou na 1971, Le Damagaram ou Sultanat de Zinder au XIXe siècle, ko bayanin tafiyar Heinrich Barth, wanda ya zauna a Zinder daga ƙarshen Disamba 1852 zuwa ƙarshen Janairu 1853. In daga baya aka ƙara wani bayani a tsakiya, lambobin da kansu suke gyara jerinsu. Abin da aka ji daga bakin wani dattijon fada shi ma a rubuta shi a nan, da ranar da aka yi hirar, in ya yarda a ambace shi. Tarihin Damagaram da yawa a baki yake, kuma shafin da ya bambanta abin da aka karanta da abin da aka ji ya fi amfani ga ɗalibin da zai zo nema.

Kirarin sarki ko baitin waƙa akwai tubalinsu daban, na waƙa, wanda ke barin layuka da tazara yadda aka rubuta su. Maganar wani mutum tubalin ɗauko magana take shiga, da sunan mai ita a ƙasa.

Haruffa masu ƙugiya

Wannan ba a cika samunsa a jagororin Turai ba, ga shi kuwa shi ke fara ba mai rubuta Hausa ciwon kai. Editan yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ lafiya lau. Matsalar a wurare uku take ɓulla.

Na farko shi ne zanen haruffan rigar dandali. Da yawa daga cikinsu an zana su ne don harsunan Turai, ba su da ƙugiya. Sai burauza ta aro harafin daga wani zanen, a ga “ƙofa” da ƙ siririya ko doguwa ta fita daban da sauran, wani lokaci ma ɗan akwati ne zai fito a gurbinta. Gwajin mai sauƙi ne: a rubuta layi ɗaya mai ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana, a duba shi a take, a duba shi a cikin rubutu, a kaurare da kuma a karkace. Noto Sans na Google yana da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL. Tun fitarwa ta 6.5, a Afrilu 2024, mai kula da dandalin da rigarsa ta tubala ce yana iya ɗora zanen haruffa daga cikin editan, ba sai ya taɓa lambobin manhaja ba. Don buga haruffan, Gboard yana da allon Hausa a waya, a kwamfuta kuma Keyman yana biyan bukata.

Na biyu shi ne adireshin shafi. WordPress tana ƙirƙiro shi daga take. Ta san ta mai da é ta Faransanci e, amma ƙ takan bar ta yadda take, sai in an kwafi adireshin aka tura ta WhatsApp a ga %c6%99 a inda harafin yake. Take mai ƙugiya uku yakan zama dogon shirme da mutum zai ji tsoron taɓawa. Kafin wallafawa a buɗe saitin mahaɗin a fuskar labari, a rubuta gajere da haruffa marasa ƙugiya: kofofin-birni. Taken da mai karatu ke gani yana nan da ƙugiyarsa. Kuma tun kafin a wallafa ake wannan, domin adireshin da ya riga ya zaga gari ba a so a taɓa shi.

Na uku shi ne bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu. Ƙa'idar Nijar ta 1999 da ƴ take rubuta ƴaƴa, Najeriya kuwa da waƙafin sama, 'ya'ya. WordPress tana da ɗabi'ar lanƙwasa alamomin zance a lokacin nuna shafi, kuma waƙafin da ya zo a farkon kalma takan ɗauke shi buɗe zance ne, sai ta juya shi baibai. Mai rubutu da ƴ ya tsira daga wannan. Abin da ya rage shi ne gidan ya tsai da ƙa'ida ɗaya, domin labaran da masu aiko rahoto daga Maraɗi ko Kano suka turo za su zo da nasu salon, kuma mai neman “ƴan kasuwa” a akwatin bincike ba lalle ya ga labarin da aka rubuta da ɗaya salon ba.

Ajami fa? Fadar Damagaram da zaurukan malaman garin sun daɗe da rubutu da haruffan Larabci, kuma shafin tarihi zai so ya nuna layi ɗaya ko biyu. A sababbin fitarwa, cikin ƴar kibiyar nan ta maɓallan tubali akwai zaɓin harshe: a zaɓi rubutun, a faɗi harshensa, a ce daga dama zuwa hagu yake tafiya. SIL ta fitar da zanen haruffa biyu don wannan yanki, Harmattan da Alkalami, na biyun a kan salon hannun da aka sani a Kano da kewaye. In takardar tsohuwa ce, a sa hotonta, a bi shi da rubutun da aka buga, domin hoto kaɗai ba a iya bincikensa.

Hoto, murya da kuɗin mai karatu

Hoton ƙofar fada da aka ɗauka da wayar zamani yakan kai megabait uku zuwa biyar. Tun fitarwa ta 5.3 WordPress tana rage hoton da ya wuce digo 2560, amma sai ya gama hawa tukuna, kuma hawan shi ke cinye kuɗin intanet, shi ke yankewa a tsakiya in rezo ya yi rauni. A rage shi tun a waya ko a kwamfuta, faɗin digo 1200 zuwa 1600, nauyi wajen kilobait 200 ko 300. Ga shafin labari ido ba ya ganin bambanci.

Tubalin hoto yana da gurbin rubutu biyu, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ke ƙarƙashin hoton kowa yana ganinsa: mene ne wannan, yaushe aka ɗauka, wa ya ɗauka. Na gefen dama, wanda allon ke kira texte alternatif, shi ake karanta wa makaho, shi ne kuma ke fitowa a gurbin hoton in ya ƙi buɗewa. A ƙauyen da hoto kan ƙi saukowa, wannan rubutun ne mai karatu zai samu. Saboda haka “hoto 1” bai wadatar ba. A rubuta abin da ke ciki: dogarai cikin jajayen riguna a bakin ƙofar fada ranar hawan Salla.

Hotunan hawa ko na Wasan Kara in sun yi yawa, tubalin jerin hotuna ya fi a zuba su ɗaya bayan ɗaya. Shida masu kyau sun fi talatin. Gidan rediyo zai yi amfani da tubalin murya don ɗora shiri, kuma ya kamata a rubuta tsawon shirin a ƙasa don mai sauraro ya san abin da zai kashe. Bidiyo kada a ɗora shi kai tsaye a dandalin. A sa shi a YouTube, a manna mahaɗinsa a layin da babu komai, editan da kansa zai mai da shi allon kallo.

Tubalin ginshiƙai yana jan hankalin sabon shiga, domin yana ba shafi kamannin mujalla. A waya ginshiƙan sauka suke yi ɗaya ƙarƙashin ɗaya, na hagu a sama. In hoton Sarki yana dama, bayaninsa yana hagu, mai waya zai karanta bayanin kafin ya ga wanda ake nufi. Maɓallin duba kafin wallafawa yana da zaɓin fuskar waya, kuma da ita ya kamata a fara.

Jerawa, adanawa, wallafawa

Shafi in ya yi tsawo, kama tubali da hannu a ja shi yakan zama wahala. Maɓallin layuka uku da ke sama hagu yana buɗe jerin duk tubalan shafin, kowanne da sunansa. Daga nan ake ɗaga sashen Barth a kai shi gaban na Cazemajou, ake ganin tubalan da babu komai a cikinsu a share, ake kuma duba ko kanun sassa sun bi mataki.

Abin da ake maimaitawa a kowane labari, kamar adireshin gidan rediyo da mitar da ake kama shi, ana iya adana shi a matsayin tsari mai haɗe, wanda allon Faransanci ke kira composition. In mitar ta sauya, a gyara wuri ɗaya ta gyaru a ko'ina. A kula dai: wanda ya gyara shi a cikin labari ɗaya yana zaton nan kaɗai ya taɓa, ya taɓa duka. In sauyin na labari ɗaya ne, sai a fara cire haɗin.

Ɗaukewar kuran da yankewar rezo ba baƙon abu ba ne ga mai aiki a Zinder. Editan yana adana daftari da kansa wajen kowane minti ɗaya, kuma burauza tana riƙe kwafi na wucin gadi wanda takan yi tayin maidowa. Amma adanawar farko tana bukatar intanet, ta biyun kuma ba abin dogaro ba ce in kwamfuta ta mutu gaba ɗaya. Dogon labari gara a rubuta shi a Word ko a wayar mutum, sannan a manno. Editan yakan gane kanun sassa da jeri daga Word ya mai da su tubala, hotuna kuwa a ɗora su daban. Rubutun da ya zo ta WhatsApp sai an bi shi layi-layi, saboda taurarin kaurarawa da layukan da suka karye a tsakiyar jimla. Ctrl da S a kowane ƙarshen sashe. In wani ya ɓata labarin da aka gama, tarihin gyare-gyare da ke fuskar labari yana nuna wa ya sauya me, kuma ana iya komawa kwafin jiya.

A gidan da mutane da yawa ke rubutu, matsayin kowa a manhaja yana rage rigima. Mai matsayin contributeur yana rubutawa ya miƙa a duba, ba ya wallafawa, ba ya ɗora hoto. Wannan ya dace da ɗalibi mai koyon aiki ko wakilin ƙauye. Éditeur shi ke duba na kowa ya saki. Matsayin mai kula da dandali gaba ɗaya mutum ɗaya ko biyu ya kamata su riƙe. Kafin a danna Publier a zaɓi rukunin labarin, a sa hoton gaba, wanda galibi shi ke fitowa in an raba mahaɗin a Facebook. Labarin da ake son ya fita da safiyar Salla ana iya sa masa rana da sa'a tun jajibiri, muddin an saita agogon dandalin a kan lokacin Yamai. In an bar shi a kan na Greenwich, labarin zai makara da sa'a ɗaya.

Sauran tsofaffin labaran da aka rubuta kafin sauyin. Ba su lalace ba. In an buɗe ɗaya, gaba ɗayansa yana cikin tubali guda mai suna Classique, da tsofaffin maɓallansa, kuma akwai zaɓin mai da shi tubala. Ba dole ne a bi ɗaruruwan labarai ana juyawa ba. Wanda aka zo gyarawa shi ake juyawa, a duba teburansa da hotunansa kafin a adana, domin su ne suka fi gocewa. Gidan da kwamfutocinsa tsofaffi ne ƙwarai, har sabon editan yana jan ƙafa a kansu, yana da uzurin riƙe Classic Editor, kuma saitinta yana ba da damar kowane ma'aikaci ya zaɓi editan da zai buɗe labari da shi. An fara yi mata alkawarin tallafi ne zuwa ƙarshen 2021, aka yi ta ƙara wa'adin. Bayanin ƙasan shafi, ɗora zanen haruffa da zaɓin rubutun dama zuwa hagu a tsakiyar jimla kuwa, waɗanda mai rubuta tarihin Damagaram da Hausa ya fi kowa bukata, a sabon editan aka gina su.